Akwatin da Ya Ɗaga Raɗar Baffa Idirisu

Da an idar da sallar asuba, tun masu koko ba su gama fitowa ba, Malam Uwaisu yakan buɗe rumfarsa da ke bakin hanyar Takur, inda ta gangara zuwa kasuwar Dutse. Abu na farko, ya hura gawayi a kasko ya cusa ƙarfen liƙi a ciki. Kafin ƙarfen ya yi zafi ya share tebur da reshen dabino, ya jera filaya da sukudireba biyu da dunƙulen dalma, da wani ɗan agogo mai allura da ya zo da shi daga soja, wanda ke nuna masa ƙarfin wuta. Daga ƙarshe sai ya ɗauko gwangwanin da yake ajiye ƙwayayen rediyo, kowanne a naɗe cikin auduga kamar sabon jariri. Ga wanda bai taɓa leƙa cikin rediyo ba, 'yan kwalabe ne da ba su wuce babban yatsa ba, in aka ba su wuta sai cikinsu ya yi ja, kuma su ne ke ƙara wa murya ƙarfi. Turawa na ce musu bawul. Shi ƙwai yake ce musu, mu ma muka bi shi.

Haka ya yi shekara goma sha uku. Ranar Larabar da ta wuce bai hura gawayin ba. Ya kwashe kayan a buhu, ya ja ƙyauren, ya tafi gida. Kunnensa na dama, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya bi na hagun.

Ni Muntaka ne, direban babbar mota, gyaɗa nake kaiwa Kano. Aji biyu na yi a elementare aka cire ni, don haka mai neman zaƙin baki ya nemi wani. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Uwaisu ɗan Ashafa ne, manomin Takur. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin Bama, wanda Turawa suka kai mutanenmu can bayan teku, aka sa shi cikin masu waya, yana goya akwatin magana a daji yana gyara shi in ya mutu. A can wani bam ya faɗi kusa da raminsu. Ya fito da ransa da gaɓoɓinsa, amma kunnen hagu ya zauna can, na dama kuma ya dawo da rabi. Da ya komo gida bai nemi aikin masinja ba kamar sauran tsofaffin soja. Rumfa ya kafa. Rediyon gidan hakimi, da na ɗakin karatu, da na malaman makaranta har Kiyawa, duk hannunsa ne ke riƙe da su. Shi ya harhaɗa lasifikar da ke kai muryar liman bayan filin idi. In za a yi wa shanu allura ko yara lamba, ƙahon lasifikarsa ake ɗorawa a motata a zaga ƙauyuka. Amma wannan duk sana'a ce, kowa ma da tasa. Ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Shekara bakwai da suka wuce, da bazara, garin nan ya kusa kama wuta. Akwai burtali da ya taso daga rugagen bayan duwatsu, ya ratsa gonakin Takur, ya sauka fadama inda shanu ke shan ruwa. Tsofaffi sun ce dā shanu goma kan jeru a cikinsa. A hankali ya yi ta tsukewa har biyu ma da ƙyar. Saniya kuwa ba ta san kunya ba, in hanya ta matse ta gero take shiga. A kakar da ta gabaci wannan bazara an fasa wa wani manomi kai da sanda, aka wayi gari an sassare ƙafafun shanu huɗu. Kowa ya san in aka yi shuka ba a kashe maganar ba, gawa za a ɗauka.

Manoma suka ce haka suka gaji burtalin. Fulani suka ce an tuttuge aguwar da aka yi shinge da ita an matso da ita ciki. Takarda babu. Cikin waɗanda suka ja igiya ranar da aka shata burtalin, shekarar da aka fita daga babbar yunwa, mutum ɗaya ya rage, Baffa Idirisu. Ubansa Bafulatani ne, uwarsa 'yar manoma. Ba shi da saniya, ba shi da gona a wurin, 'ya'yansa duk sun riga shi. Ɓangare biyun suka ce abin da Baffa ya faɗa shi ke nan.

To, amma ciwon maƙogwaro ya cinye muryar Baffa. Raɗa kawai ta rage, ita ma sai ka kai kunne bakinsa. A zaman farko sanƙiran dagaci ya durƙusa yana ji yana maimaitawa, kamar yadda aka saba a gaban manya. Bai kai magana uku ba Fulani suka ce surukin manoma ne, yana rage wa zancen gishiri. Aka sa Bafulatani ya durƙusa, manoma suka ce ai wannan da Fulatanci yake ji. Aka sa su biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suka tashi suna musu a kan abin da suka ji, har suka kusa shaƙe juna a kan tsohon. Wakilin hakimi ya karkaɗe rigarsa ya ce ya ba da mako biyu. In ranar Alhamis ta biyu jama'a ba su ji daga bakin Baffa ba, zai kai magana Kano, Baturen safiyo ya zo ya ja layinsa. Kowa ya san layin da baƙo ya ja ba zai kwana biyu ba. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, ga Baffa kunu ma da ƙyar yake wuce masa.

Arɗo Zailani, shugaban Fulanin bayan duwatsu, shi ya zo rumfar. Ya tsuguna ta wajen kunnen dama ya ɗaga murya.

"Mai Akwati, ƙahon nan naka da ke kai liman har bayan fili, ba zai ɗauki Baffa ba?"

"A gwada, Arɗo."

Muka kwashi kayan zuwa zauren Baffa. Aka kai makirfo bakinsa, Uwaisu ya murɗa maƙunni har ƙarshe. Abin da ya fito daga ƙahon shuuu ne kawai, kamar ruwan sama a kan kwano. Leɓen tsohon na motsi, amma ko kalma ɗaya ba a tsinta.

"Ƙahon nan na masu ihu ne," in ji Uwaisu da muka fito. "Ƙwan da ke bakin ƙofa, wanda murya ke fara shiga, yana da ƙarfi amma yana da huci. Liman ya fi hucin ƙarfi, shi ya sa ba ku taɓa ji ba. Baffa kuwa hucin ya fi shi."

"To ka sa wanda ba ya huci mana," na ce.

"Akwai shi. Rago ne."

Ya sa ragon, murya ba ta ko fita zaure ba. Ya jera biyu, wannan ya miƙa wa wancan, sai ƙugi da fito suka cika akwatin, har ɗayan ya gaji ya mutu. Kwana uku suka tafi a haka. Ya aike ni Kano da suna a rubuce, na sayo masa ragwayen guda uku a kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kantuna, aka naɗe mini su cikin yagaggun shafukan mujallar Turawa. Uwaisu ba ya yar da takarda. Ya warware ƙwayayen, ya shimfiɗa shafukan yana goge su da tafin hannu, sai na ga ya tsaya a kan ɗaya. Turancinsa na fareti ne, bai wuce tsaya da juya ba, amma zanen waya yana karanta shi kamar yadda gardi ke karanta allo. Ya daɗe a sunkuye.

"Muntaka, zo ka ga goyo."

"Goyon wa?"

"Ni ina jera su ne kamar 'yan dako, kowa ya karɓa ya ƙara nasa surutu. Dubi nan. An ɗora ɗaya a bayan ɗaya. Wuta guda ce ke ratsa su, abin da uwa ta ci shi ɗa ke sha. Na ƙasa ba ya ɗaukar nauyi, sauraro kawai yake. Na sama an ɗaure masa kai kada ya waiwaya, shi ke turawa. Ka ga an sami ƙarfin mai huci da natsuwar rago."

"A garinmu dai uwa ce ke ɗaukar nauyi," na ce.

"Wannan goyon Turawa ne. Komai nasu a juye yake."

Zanen bai cika ba. An yage gefen da lissafin yake, kuma ɗan abin da ya rage na wani irin ƙwai ne da ba mu da shi. Sauran aikin daga kansa ya fito. Ya share ƙasar rumfar ya zana abin da tsinke, yana kasa ƙwayar gyaɗa don ya raba wutar: kaza ga na sama, kaza ga na ƙasa, kaza ga 'yar madatsar da ke bisa kansu. Tunda su biyu za su raba wuta ɗaya, sai an ninka batir. Ya bi gidajen da ya taɓa yi wa gyara yana aron busassun batira, har na ɗakin karatu, garin ya yi kwana tara ba a ji labarin duniya ba. Madatsan wuta kuwa, 'yan mitsi-mitsin nan masu zoben launi, daga gawawwakin rediyo ya ciro su. Ya liƙa ɗaya, ya duba allura, ya rubuta da gawayi a bango, ya cire ya liƙa wata. Bangon rumfar har yau da rubutun.

A kwana na takwas ya yi kuskuren da ya kusa kashe aikin. Kowane ƙwai yana da 'yar wayar da ke ɗumama shi, batirin mota ke ba ta wuta. Ya haɗa su biyun a batir ɗaya, kamar yadda ya saba tun yana soja. Ya manta cewa na sama yanzu a kan wuta mai yawa yake zaune. Muna kallo cikin kwalbar ya yi walƙiya shuɗiya, ƙas, ya mutu. Saura biyu cif, ba na canji, kuma ba lokacin komawa Kano.

Ya zare mataccen ƙwan ya ajiye. Sa'an nan ya ce, "Laifina ne. Na zuba musu a akushi ɗaya alhali ba tsararraki ba ne. Na sama sai an ba shi nasa batirin."

Batirin mota biyu ne a garin, nasa da na motata. Na kwance nawa na kawo. Mota ta yi kwana shida a tsaye, maigidana ya zage ni tas, na shanye.

Ga kuma abin da mutane ba su sani ba. Mutumin da ke farautar huci a cikin akwati, shi kansa ba ya jin hucin. Asuwaki yakan ciza, ya dafa ɗaya bakin a jikin ƙahon, ya ji rawar abin ta haƙoransa. Wannan na gaya masa akwai ƙara, amma ba ya gaya masa ko magana ta fita. Don haka matarsa Lauratu ta zama bakinsa, ni na zama kunnensa. Ita tana cikin gida bayan zana da makirfo tana raɗa, ni ina can gindin wata kuka da ke nesa ina ɗaga hannu in na ji. Kwana uku hannuna bai tashi ba. Ran Talata da azahar, ina ta korar ƙuda, sai na ji muryar mace a hankali, tas, kamar a kafaɗata take:

"Malam, tuwon nan tun safe yake jiranka. In ba ka ci ba wallahi akuya zan ba."

Masu tallan goro suka tsaya suna waige-waige. Na ruga ina ɗaga hannu biyu. Da na gaya masa abin da ta ce, ya yi dariya har da hawaye, ita kuwa ta yi kwana biyu ba ta leƙo ƙofar gida ba don kunya. Wannan ce dariyar ƙarshe da na ga ya yi da dukan fuskarsa.

Kashegari Laraba da la'asar, ina kan motar ina ɗaure ƙaho, sai ga wansa Barau. Shi ke noma gonar gado, wadda ke jingine da burtalin, shi ke ciyar da gidan ubansu.

"Sannu da aiki, injiniyan Fulani."

"Yaya, sannu da zuwa. Ga tabarma."

Barau bai zauna ba. Ya sunkuya ya yi masa raɗa. Uwaisu ya ce, "Na'am?" Barau ya sake, Uwaisu ya sake cewa, "Na'am?" Asirin da ya zo rufewa sai da ya ɗaga murya kafin ya faɗe shi, shi ya sa na ji.

"Na ce ina ɗan shekara tara na riƙe wa Baba kwando yana tuge aguwa yana matsawa da ita! Damina uku yana yi, kaɗan-kaɗan. Kwarin nan da ke ba mu dawa, duk burtali ne. Baffa ya sani."

Uwaisu ya ajiye ƙarfen liƙin.

"Baki goma sha ɗaya nake ciyarwa," in ji Barau. "Wannan abin ƙarfe ne da kwalba. Gobe ya yi shuuu ɗinsa, ka ce ya ƙi. Wa zai kama ka? Wa ma ya san cikinsa in ba kai ba?"

"Yaya, in ya ƙi don kansa, Allah ne ya so. Ni dai ba zan sa shi ya ƙi ba."

"A kira sunan ubanka a bainar jama'a yana kabari?"

"Don yana kabarin ne. Ƙasar nan a wuyansa take, shi kuma ba zai iya mayarwa ba. Ka haɗa da rabona duka, na bar maka."

"Rabonka? Jigawar da ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito?" Barau ya juya zai tafi, sa'an nan ya ce, "Inuwar giginya. Na ɗauka kunne kawai ka baro a Bama, ashe har da zuciya."

Bayansa ya riga ya juya lokacin da ya faɗi haka. Ban sani ba ko Uwaisu ya ji. Ina fata bai ji ba.

Kada wani ya ce waliyyi nake ba da labari. Ya gaya mini da bakinsa, bayan shekaru, cewa akwai 'yar waya guda a ƙarƙashin ƙwan sama wadda in ya taɓa ta da ƙarfe mai zafi sau ɗaya shi ke nan, kuma har ya ɗauki ƙarfen ya riƙe. Ya ce ya tuna 'ya'yan Barau ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sa'an nan ya tuna shanun nan huɗu da aka sassare, da yadda suka yi ta jan gindi a ƙasa, ya ce irin abin da ya gani a Bama ne, kuma ya san daga shanu mutane ake komawa. Ya mayar da ƙarfen cikin gawayi.

Ran Alhamis da hantsi aka taru a gindin tsamiyar bakin burtali, manoma ta yamma, Fulani ta gabas, kowa da sandarsa a ƙasa kusa da ƙafa. Aka kawo Baffa Idirisu a kan gadon kara. Uwaisu ya zaunar da akwatin cikin ƙwarya mai cike da auduga, ya binne gindinta a yashi, don ko takun mutum ƙwayayen na ɗauka. Ya ɗaure makirfo a sanda daidai leɓen tsohon. Ya zauna ya ba jama'a baya, idonsa a kan allura, hannunsa a kan maƙunni. Ni ina tsugune a gefensa, cikin 'yar rumfar kara da aka kafa mana.

Baffa ya yi bisimilla. Ta fito daga saman motata, a dishe, a hankali, amma kowane harafi da ƙafarsa. Tsohon da kansa ya razana ya ɗaga ido sama.

"Wannan ni ne? Ashe haka na tsufa."

Aka yi dariya ta gabas da ta yamma, karo na farko a shekara guda. Sai ya fara. Daga kuka mai rami zuwa tsagaggen dutse, igiya biyu a faɗi. Daga nan zuwa giginyu uku. Ya ce, "Arɗo, mashayar gabas ba taku ba ce, aro aka ba ubanka shekarar da ta yamma ta ƙafe." Arɗo Zailani ya sunkuyar da kai. Ya kira manomi na farko da taku nawa ya ci, ya kira na biyu. Ba wanda ya musa, don ba sanƙiran da za a zarga.

Da ya iso rijiyar Ɗan'inna sai ya tsaya. Ya juya ido ya dubi bayan Uwaisu, mutumin da ya yi kwana goma sha huɗu yana nema masa murya. Kunya ta kama tsohon. Ya ci gaba, amma ya sassauta raɗar har ta kusa zama numfashi, ƙahon ya fara rasa ta. Uwaisu bai ji ko ɗaya ba. Allura kawai ya ga ta faɗi. Ya san wajen da aka iso, don ya san burtalin kamar tafin hannunsa. Na ga yatsunsa a kan maƙunnin. Ya murɗa shi sama.

"Daga rijiya zuwa fadama, gonar Ashafa, uban Barau da Uwaisu. Shi ya fi kowa ci. Kwarin nan duka na shanu ne. Allah Ya yafe masa, abokina ne."

Har gindin duwatsu aka ji. Ɗaruruwan idanu suka juyo kan rumfar karan da muke ciki. Barau ya tashi ya ratsa jama'a ya fita, ba wanda ya tare shi. Uwaisu ya ɗan karkato wajena, ya dube ni da wutsiyar ido.

"Ya faɗa?"

Na gyaɗa kai.

"An ji sosai?"

Na sake gyaɗawa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da riƙe maƙunnin har Baffa ya kai igiyarsa fadama ya shafa fatiha.

A ranar aka fara mayar da aguwa inda take. Kwana tara bayan nan Baffa Idirisu ya rasu, kashegarin jana'izarsa aka yi ruwan shuka. Daga wannan shekara zuwa yau ba a ƙara zubar da jinin mutum ko na saniya a burtalin Takur ba.

Wanda ya biya kuwa gidan Ashafa ne. Abin da ya rage na gonar bai ciyar da baki goma sha ɗaya ba. Bayan kaka Barau ya kwashe iyalinsa ya koma Taura, yana dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi, mutum mai furfura. Kowace salla Uwaisu yakan ba ni damin gero da turmin atamfa in kai, kowace salla in dawo da su. Sau ɗaya Barau ya yi mini magana a kan haka, ya ce, "Ka ce masa ya kai wa shanu." Na dawo na ce masa ban same shi a gida ba. Bara da rani buhu ya danne Barau a ƙirji, ya yi kwana huɗu ya cika. Labari ya iso mu a makare. Na tuƙa motar nan kamar zan kashe ta, amma mun tarar an dawo daga maƙabarta. Uwaisu ya tsuguna a gaban ƙasar da ba ta bushe ba, ya ce, "Yaya, ni ne," ya karkato kunnen dama, kamar mai jiran a amsa a gaya masa. Matar Barau da ƙananan 'ya'yansa biyar yanzu suna gidansa a Takur, Lauratu na tuƙa musu tuwo. Ga shi kuma rumfar ta rufe.

Har yau akwai masu cewa ga wanda ya sayar da gonar ubansa saboda akwati. Na ji da kunnena a kasuwa. Masu faɗin haka da 'ya'yansu suke kwana lafiya kowace damina, ba su taɓa tambayar wa ya saya musu barcin ba.

Malam Uwaisu, ka koyi boko a soja, don haka wannan ba sai an yi maka ihu ba, da idonka za ka karanta. Kai ne kurman da ya jiyar da gari. Kai ne ka ga allura ta faɗi, ka san sunan wa ke bayanta, ka ɗaga. Da ka bar hannunka inda yake ba wanda zai ce ka yi laifi, ni da ke gefenka ma ba zan gane ba. An ce maka inuwar giginya. To, na nesa sun sha, gaskiya ne, amma na ga marayu biyar a tsakar gidanka, ban ga sun tsaya a rana ba. Ban iya cewa Barau bai da hujja ba, yunwa ta gaske ya ji, kuma ka fi kowa sanin haka. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta wa Ashafa da ka sauke wa ƙasa daga wuya, Ya haɗa ku inda ba a gaba. Mu dai mun gode. Na gode a madadin manomin da bai san ranka ya taɓa ɓaci dominsa ba, da makiyayin da ke kora shanu goma a jere bai san dā biyu ne ba.

Ku kuma jama'a, ana ta cewa Turawa sun kusa tafiya, aiki zai dawo hannunmu, awo da safiyo da alƙalanci da waya. Kowa zai sami maƙunnin da zai riƙe, wanda ba mai ganin cikinsa sai shi. Ranar da sunan naka ya iso, ka tuna da mutumin nan. Kuma ba sai ya mutu za ku zo da addu'a ba. Gidansa na nan bayan masallacin Takur, akwai yara a ciki, kaka ta kusa, kowa ya san nauyin dami. In kun je kada ku yi masa sallama ta baya. Ku zagayo ta gaba inda zai ga bakinku.

Jiya da yamma na same shi a bakin burtalin, zaune a kan dutse, shanun Arɗo na gangarawa fadama. Ba ya jin kukansu, ba ya jin takunsu, tafin hannunsa kawai ya dafa a ƙasa. Na nuna masa wannan takarda tun ban aika da ita gidan jarida ba. Ya karanta a hankali yana bi da yatsa, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce kwana tara garin ya yi ba rediyo, ba goma ba. Da zan tashi ya riƙe mini hannun riga, ya yi mini tambayar da yakan yi duk sa'ad da zancen ya taso, kamar bai taɓa yi ba.

"Muntaka, ranar nan, ba don ka kwantar mini da hankali ba. An ji sosai?"

Shekara bakwai kai kawai nake gyaɗa masa. Yau ga shi a rubuce, inda ba mai cewa sanƙira ya ƙara gishiri. An ji, Malam Uwaisu. Har gindin duwatsu aka ji.